Ba Ƙwan Fitilar Ba Ne, Saitin Ne Ya Kauce

Da kaka ta yi, aka fara jigilar buhunan gero da dawa zuwa kasuwar Dambatta, ƙorafi ɗaya ne ke ta zuwa gareji: "Malam, fitilata ta daina haske, a sa mini farin ƙwan nan." Mai Boxer haka zai ce, mai roba-roba ma haka. Idan na jingina babur ɗin gaban katanga na kunna, sai ka ga hasken lafiyarsa lau, amma yana can saman indararo. Fitilar da ke haska reshen darbejiya ba za ta nuna maka rami ba, ko wane irin ƙwai ka sa mata.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce wai farin ƙwai na LED shi ne maganin kowace fitila mai rauni. Ba gaskiya ba ne. Kwanon da ke cikin fitila, mai ƙyallin nan, an ƙera shi ne domin ya tattaro haske daga wuri guda tak, wato inda siririyar wayar ƙwan asali take ci. A yawancin baburan da muke hawa ƙwan nan wat 35 ne. Farin ƙwai mai araha yana fitar da haskensa daga wurare daban, don haka kwanon ba ya iya tattara shi. Sai hasken ya watsu ko'ina, gaban tayarka ya yi fari ƙal, ka ɗauka ka samu ƙari, alhali nesa ta ƙara duhu, domin idonka ya saba da hasken kusa. Wanda ke tahowa ta gabanka kuwa ka makantar da shi. A lokacin hazo abin ya fi muni, ƙurar ce ke dawo maka da hasken cikin ido. Ga shi kuma baburan da yawa fitilarsu daga kwayil take shan wuta kai tsaye, ba daga batir ba, shi ya sa farin ƙwan yake ta ƙyaftawa, bai daɗe ba ya ƙone, ka koma ka sayi wani.

Abin da ke kautar da saiti ba ɓoyayye ba ne: gargadar hanya tana kwance noti, faɗuwa tana lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da fitila, shokozoba ta baya tana gajiya. Babban dalili a nan karkara shi ne kaya. Ka ɗora buhu a kariya, ka ƙara fasinja, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, fitila ta bi shi.

Kada a raina wannan ɗagawar. Karkacewar digiri ɗaya kacal, wadda ido ba zai gane ba, tana ɗaga haske kusan santimita 87 a nisan mita 50. Wannan ya isa ya ɗauke hasken daga kan titi ya kai shi fuskar direban da ke zuwa. A hanyar Kano zuwa Daura, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, manyan motoci ba sa tsayawa da dare. A hanyoyin burji tsakanin ƙauyukan Makoɗa da Kunchi kuwa, amalanken shanu ne da jakuna da masu keke da yara masu dawowa daga makarantar dare, babu mai fitila a cikinsu. Duk waɗannan a ƙasa suke. Fitilar da ta kalli sama ba ta ganinsu sai an zo daf da su, lokacin da birki ba zai yi amfani ba. Ina jaddadawa domin nan ne ake rasa rai: idan masu tahowa suna ta ƙyafta maka fitila alhali kana kan dim, saitinka ya kauce, ka gyara a ranar.

Gyaran bai kai minti goma ba. Bayan magariba, nemi katanga mai shafe da fili a miƙe. Tabbatar iskar tayoyi daidai take. Tura babur har jikin katangar, ka yi alama da gawayi daidai tsayin tsakiyar fitila. Ja da baya a miƙe mita 5. Ka hau ka zauna, tayoyi biyu a ƙasa, ba a kan jak ba, tare da irin nauyin da ka saba ɗauka da dare. Kunna dim. Bakin hasken na sama ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da santimita 5 zuwa 7, faɗin yatsu uku zuwa huɗu. A Boxer da ire-irensa ana sassauta notin da ke riƙe da fitila, a karkata ta da hannu, a ɗaure. A roba-roba ka leƙa ƙarƙashin fitilar, akwai ɗan noti da ake sassautawa a matsa gaba ko baya. Wani ya riƙe maka babur ɗin, kada ka yi kai kaɗai.

Idan hasken ya karkata hagu ko dama, ba aikin wannan notin ba ne. Ko dai ƙwan bai zauna a gurbinsa ba, ko ƙarfe ya lanƙwashe, ko kan babur ɗin ya murɗe bayan faɗuwa, a kai wa bakanike. Idan kuma kwanon ya dushe ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa, saye za a yi. A daina ɗaure fitila da roba ko cusa kwali a gefenta, ramin farko zai mayar da ita inda take.

'Yan uwana masu gyara, laifinmu ya fi yawa. Sayar da ƙwai yana kawo kuɗi, saiti ba ya kawowa, sai mu yi shiru mu sa wa mutum abin da ya tambaya. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, ƙananan hukumomin waje ne suka zama wurin sana'ar, shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa kuwa suna karɓar kuɗin tikiti kullum a tasha. Me zai hana a ja layi ɗaya a jikin katangar tashar, kowane mamba ya gwada fitilarsa sau ɗaya a wata? Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ma da ke tsayar da babur suna tambayar takarda da hular kwano, ya kamata su riƙa cewa a kunna dim su ga inda hasken yake sauka.