ƁAURE DA ƘWARIN DA KE CIKINSA

Duk yaron da ya taɓa kiwo a fadamun Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, ya san ɓaure. Ya kuma ji manya suna cewa mai son cin ɓaure kada ya tona cikinsa. Amma mu yau za mu tona, gama akwai darasi a ciki.

1. Danginsa

Ɓaure, da durumi, da cediya, da gamji, duk gida ɗaya ne. Idan an sare su, su kan zubo ruwa fari kamar madara. A duniya danginsu sun fi iri 750. Irin ɓauren fadamarmu ne Zakka ya hau a Yariko, shi ne kuma annabi Amos ya ke kiwo.

2. Ina furensa?

Ba wanda ya taɓa ganin ɓaure ya yi fure a reshe. Dalili kuwa, furannin suna ɓoye cikin ɗan ɓauren, ƙanana ƙanana, ɗaruruwa. Iska ba ta kai gare su, ƙudan zuma ma ba ya iya shiga. Sai wata 'yar ƙwaro, dangin zanzaro, wadda tsawonta bai fi milimita 2 ba. Macen ta kan kutsa ta ƙaramar ƙofa a bakin ɗan ɓauren, har fikafikanta su kakkarye. Ta kawo garin fure daga wani itace, ta sa ƙwai, ta mutu a nan. Sa'ad da 'ya'yanta suka ƙyanƙyashe, mazan su huda hanya, matan su kwashi garin fure su tashi neman wani ɓauren. Ashe ƙwarin nan ba cuta ba ne, ma'aikata ne. In babu su, ɓaure ba zai yi iri ba.

3. Cututtuka na ainihi

Tsatsa. Da damina a kan ga ɗigo-ɗigo ja a ganye, da gari kamar tsatsar ƙarfe a ƙarƙashinsa, ganyen kuwa ya zube tun lokaci bai yi ba. A tattara wanda ya zube a ƙone, a rage rassa domin iska ta ratsa.

Kauci. Tsuntsaye ne su ke kawo irinsa. Ya kan kafu a reshe yana shan ruwan itacen har reshen ya bushe. A sare reshen daga ƙasan inda ya kama.

Kumburin saiwa. Waɗansu tsutsotsi ne na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Su ne kuma ke damun tumatir da kuɓewa. Saboda haka kada a dasa ƙaramin itace a inda tumatir ya yi wannan ciwo.

4. Abin da za mu riƙe

'Yan'uwa, sau da yawa mu kan ga ƙwaro, sai mu ruga kasuwa sayen magani. Kuɗi ya tafi, mun kashe mai taimakonmu, cutar kuwa tana nan. Waɗansu ma har su kan sare itacen da kakanninsu suka sha inuwa. Bari mu fara duba ganye, da reshe, da saiwa tukuna. Abin da ya gagare mu, mu nuna wa malamin gona, ko mu kai wa masanan aikin gona a Samaru, Zariya.

Tambayoyi: Ina furen ɓaure ya ke? Yaya za ka bambanta tsatsa da kauci?