Lambar NA a Jikin Idon Maikiroskof da Hangen Ƙwayoyin Halitta Masu Rai

Ɗalibi in ya duba idon maikiroskof, wato gilashin da ke fuskantar abin da ake dubawa, lambar da ke fara jan hankalinsa ita ce 40x ko 100x. Amma a gefenta akwai wata 'yar lamba, kamar 0.65 ko 1.40, wadda masana suka fi damuwa da ita. Sunanta NA, kuma tana nuna yawan hasken da idon ke iya tattarowa.

A 1873 Ernst Abbe na birnin Jena a Jamus ya nuna cewa tazara mafi ƙanƙanta da za a iya rarrabewa tsakanin ɗigo biyu ita ce tsawon zangon haske a raba da ninki biyu na NA. Koren haske zangonsa kimanin nanomita 500 ne. Da NA 1.40 ke nan za a rarrabe kusan nanomita 180. In aka ƙara girma kawai aka bar NA yadda take, hoton zai faɗaɗa amma yana nan dishi-dishi.

Amfanin wannan lamba ya fi bayyana wajen hoton ƙyalli. A 1962 Osamu Shimomura ya gano furotin mai koren ƙyalli, GFP, a jikin wata halittar teku, sa'an nan a 1994 Martin Chalfie ya sa shi ya yi ƙyalli cikin tsutsa mai rai. Ƙyallin nan rauni gare shi, kuma ido ɗaya ne ke aika haske ya kuma karɓo ƙyallin. Saboda haka in aka ninka NA sau biyu, girman bai canza ba, hoton zai ƙara haske kusan sau 16. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin haske mai yawa yana dusashe ƙyallin, har ya kashe ƙwayar da ake son gani tana motsi.

In iska ce tsakanin ido da gilashin, da ƙyar NA ke wuce 0.95. Shi ya sa ake ɗiga mai na musamman, wanda ma'aunin lanƙwasa haskensa 1.515 ne. To, sai dai ƙwayar halitta cikin ruwa take zaune, shi kuwa ruwa 1.33 ne. Da an nutsa cikin ƙwayar sai hoton ya fara gurɓacewa. A ganina, mai son hangen can ciki gara ya zaɓi idon da ake ɗiga wa ruwa mai NA 1.20, ko na man silikon. Malamai kuma su lura: an ƙera yawancin idanun nan ne domin murfin gilashi mai kaurin milimita 0.17.