Darasin Lafiya: Magungunan ƙara kuzari a tseren keke



Lance Armstrong ɗan Amurka ya lashe gasar Tour de France sau 7, daga 1999 zuwa 2005. A 2012 aka ƙwace duka saboda haramtattun magunguna irin su allurar EPO.

EPO tana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, mutum ya daɗe bai gaji ba. Amma jinin yakan yi kauri ya toshe jijiya, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Ga ha'inci, ga cutar da jikin da Allah ya ba ka amana.

Tun 2019 aka hana tramadol a gasar keke. Maigida, in ɗanka na sha wai don ƙarfin aiki, kai shi asibiti tun da wuri.

Allah ya ƙara mana lafiya.