Kafin Ka Kwance Murfin Injin Babur: Wanne Ne Ado, Wanne Ne Ke Riƙe da Mai?

Tambaya: Malam, na sayi babur na hannu, kuma wanda ya riƙe shi kafin ni ya lulluɓe injin da murafai masu walƙiya. Wasu sun fara ɓarewa, ɗaya kuma yana kaɗawa yana ƙara in na hau hanya. Ina so in cire su ko in sa sababbi kafin Sallah. Zan iya yi da kaina a gida? Sannan abokaina sun ce in na cire duk robobin, injin zai fi shan iska. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, za ka iya yin mafi yawan aikin da kanka, amma da sharaɗi guda: kada ka ɗora sifana a kan kowace ƙusa sai ka san abin da ke bayan murfin da take riƙe da shi. A ido duk murafai ne, duk suna sheƙi. A wurin aiki kuwa kashi uku suke, kuma ɓarnar da ake kawo wa bakanike galibi daga haɗa su wuri guda take tasowa.

Kashi ukun

Na farko shi ne na ado zalla. Roba ce da aka yi wa fenti mai ruwan azurfa, ko ƙarfe marar kauri, an ɗora a kan ainihin murfin inji. In ka cire shi, wani murfin za ka tarar a ƙasa. Irin wannan ba ya riƙe mai, ba ya kare komai, cire shi da barin sa duk ɗaya ne a wurin inji, muddin bai tare masa iska ba.

Na biyu shi ne na kariya. Babu mai a bayansa, amma yana da aiki. Murfin da ke gefen hagu kusa da giya, wanda ya rufe ƙaramin sipoket na gaba, shi ke hana bakin wando, igiyar takalmi ko gefen babbar riga shiga tsakanin sarƙa da haƙora. Ranar da sarƙa ta tsinke ana cikin gudu, yana rage dukan da za ta yi wa jikin inji. Wayoyin da ke fitowa daga inji, kamar na fitilar da ke nuna babur yana firi, sukan bi ta nan. A wasu babura ma abin da ke tura kuloci a jikinsa yake. Haka ƙarfen da ke kan salansa: wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna a ƙwaurin yaro ko matar da aka goya ya san dalilin sa shi.

Na uku shi ne bangon injin kansa. Babban murfin dama, inda ake zuba baƙin mai, shi ya rufe kuloci, kuma in ka sassauta shi babur yana tsaye, mai zai malalo. Murfin hagu na magneto a wasu injuna busasshe ne, a wasu kuwa akwai mai a ciki, musamman masu tashi da maɓalli. Akwai kuma ƙananan murafan da ke saman inji inda ake saita bawul.

Ga wanda ya fi yaudarar mutane. A injin roba-roba, wanda asalin ƙirarsa daga Honda Super Cub ne da ya fito a 1958, akwai wani zagayayyen murfi a gefen hagu na kan inji, sumul, babu ƙusa ko ɗaya a fuskarsa. Duk wanda ya gan shi zai rantse ado ne. Doguwar ƙusa guda ce ke riƙe da shi, daga gefen dama ta ratso. A bayansa akwai sarƙar tayimin da ke juya abin buɗe bawul, tana wanka da mai. Wanda bai sani ba sai ya sa sukudireba yana ɓanɓara, ya ƙwarzane wurin zaman, daga nan kan inji ya dinga gumin mai har abada. Masu manyan babura ma ba su tsira ba: zagayayyen murfin da ake yawan sauyawa don ado a gefen hagu na Harley-Davidson ƙofar duba kuloci ce, akwai mai a bayanta.

Yadda za ka bambance

Wanke injin tukuna, domin ƙura da maiƙo suna ɓoye gaskiya. Sai ka duba bakin murfin, inda ya haɗu da inji. In ka ga siririn layi na takarda mai tauri ya leƙo, wato gasket, ko baƙin zoben roba, akwai mai a bayansa. In ƙusoshi sun zagaye shi da yawa, kusa da juna, shi ma alama ce ana so ya matse ne don kada wani abu ya fita. Na ado ƙusa biyu ko uku ke riƙe da shi, yakan bar ɗan fili tsakaninsa da inji, kuma in ka ƙwanƙwasa da yatsa za ka ji holoƙo.

Ka kula da abu ɗaya: yawancin murafan ado ba su da ramukan kansu, a kan ƙusoshin ainihin murfi ake rataya su. Ke nan ƙusar da za ka kwance don cire roba tana cikin masu matse gasket. Cire biyu ko uku na ɗan lokaci ba ya jawo matsala, muddin ka mayar da su kafin ka tayar da inji. Sai dai mai adon yakan sa dogayen ƙusoshi don su ratsa robar. In ka cire robar ka mayar da doguwar ƙusar a haka, za ta taɓa ƙasan rami kafin ta matse murfi. Kana jin ta ɗaure, alhali murfin a sake yake. In ka ƙara mata ƙarfi, sai ta fasa ramin. Nemi mai tsawon asali a wajen masu kayan gyara.

Maganar shan iska

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Injin Boxer, da na Jincheng, da duk dangin Honda CG125 da aka yi ta kwaikwayonsa tun fitowarsa a 1975, iskar hanya ce ke sanyaya su. Fikafikan nan da ke jere a jikin silinda da kan inji aikinsu ke nan: su yalwata wurin da iska za ta taɓa ta kwashe zafi. Duk adon da ya rufe su cutarwa ne, balle a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga cunkoso, ga kaya, ga goyo. Ƙurar hunturu kuma takan haɗu da maiƙo ta daskare a bayan robar inda hannu ba ya kai wa. Irin wannan adon, cire shi yau.

Amma akwai injunan da maganar ta juye. Vespa da ƙananan sikuta masu giyar kansu, injinsu a ɓoye yake a ƙarƙashin kujera, iskar hanya ba ta isa gare shi. Saboda haka aka ɗaura fanka a jikin magneto, aka lulluɓe silinda da wata riga ta roba ko ƙarfe wadda ke tilasta wa iskar fankar bi ta tsakanin fikafikai. In ka cire wannan rigar da sunan inji ya sha iska, iskar za ta watse a banza, inji ya ɗau zafi har fistin ya cije. Garin neman gira an rasa ido. Dokar mai sauƙi ce: in ka ga fanka, bar murfinta. In ya fashe, sauya shi.

Kwancewa

Bari inji ya huce sarai. Ɗora babur a kan babbar ƙafarsa a wuri mai tsabta, ba a cikin yashi ba, ka zare makulli. Yawancin ƙusoshin murfi masu kaurin milimita 6 ne, kansu lamba 8. Yi amfani da sifana mai siffar T ko wadda ke zagaye kan ƙusar gaba ɗaya. Mai buɗaɗɗen baki da fulaya su ke cinye kai.

In masu kan giciye ne, a nan ake kuka. Da yawansu ƙirar Japan ce, wasu har da ɗan ɗigo a kai, kuma sukudireba ta gama-gari ba ta zama daram a cikinsu. Tana zamewa ta goge giciyen. Danna da ƙarfi kafin ka murɗa. In ta ƙi, kada ka yi ta nanatawa. Fesa man sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci, sannan ka ari sukudireba irin wadda ake buga wa guduma. Ƙarfe da alminiyam in suka daɗe tare, ruwan damina yana shiga, sukan kama juna da wani farin gari.

Kafin ka cire ƙusa ta farko, sami kwali ka zana siffar murfin, ka huda rami a daidai kowace ƙusa. Duk wadda ka zare, soke ta a gurbinta. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, wani lokaci bambancin milimita 5 ne kacal, ido ba ya kamawa. Ɗauki hoto da wayarka yadda wayoyi da maƙalansu suka bi. In sai ka cire sandar giya, yi mata alama da biro ko ƙusa inda ta zauna, don ta koma daidai ƙafarka.

Murafan roba kuwa, bayan ƙusoshi suna da 'yan kunnuwa da ke maƙale da juna, ko 'yan turaku da ke shiga zoben roba. Ja su tsaye, a hankali. In ya ƙi fita, akwai ƙusar da ba ka gani ba.

Ɗaurawa

Ramin da ƙusa ke shiga alminiyam ne, ya fi ƙusar laushi nesa ba kusa ba. Ko da yaushe fara murɗawa da yatsu. In ba ta shiga zagaye uku zuwa huɗu cikin sauƙi ba, a karkace take, zare ta. Shigar da dukansu kafin ka matse ko ɗaya, sannan ka matse ana tsallakawa: ta sama, ta ƙasa, ta hagu, ta dama. Ƙarfin da irin waɗannan ƙusoshi ke buƙata kusan niyuton-mita 10 ne, wato ƙarfin wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. Da ka ji ta yi tauri sannan ta fara laushi, zaren ramin ya fara cinyewa. Tsaya. Ana gyara shi da zaren ƙarfe da ake dasawa a ciki, amma wannan aikin mai kayan aiki ne.

In wanda ke riƙe da mai ne

Shawarata ita ce kada ka buɗe shi don ado kawai. In ya tsage ko yana yoyo, to dole ne, kuma gara ka kai wa bakanike ka tsaya a kansa. Ga abin da za ka sa wa ido. A tsiyaye mai tukuna. Ƙananan injunan nan lita ɗaya suke ɗauka ko ƙasa da haka kaɗan. A sa sabon gasket, a kankare tsohon ba tare da an ƙwarzane alminiyam ba. Kada a laɓta gam: wanda ya matso waje kana gani, wanda ya matso ciki kuwa yakan ɓalle ya toshe rariyar mai ko ƙananan hanyoyin da ke kai mai saman inji. A tabbatar 'yan bututun ƙarfen nan biyu da ke daidaita zaman murfi sun koma, haka ƙananan washa da sifirin da kan biyo murfin kuloci in an zare shi. Murfin magneto kuma maganaɗisu na jan sa, yana iya datse yatsa, sannan a wasu injunan kwayil da wayoyinsa a jikinsa suke, ba a barin sa yana lilo a kansu.

Bayan an gama, a zuba mai, a tayar, a bar shi ya ɗumama. Kwana da kwali a ƙarƙashin inji. Da safe zai gaya maka ko akwai ɗiga.

Wajen saye

Tafi da tsohon murfin a hannu, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna. Injuna da yawa suna kama da juna, amma ramin ƙusa guda ya goce sai ka ga ba ya zama. Kada ka yarda a ce za a faɗaɗa ramin. Araha ba ta ado: robar banza kusa da salansa narkewa take yi, fentinta kuma ba ya kai damina biyu. Gwada ka ga bai taɓa sandar birki, ta giya ko kik ba, kuma bai rufe wurin duba mai ba.

Kada ado ya ɓoye lambar inji. A jikin gidan injin aka buga ta, galibi ta gefen hagu, ita jami'ai ke dubawa su gwada da takardunka. Tunda kuma na hannu ka saya, ka san cewa sunan da ke rubuce a murfi ba shaida ba ne, ƙusoshi kaɗan ke raba shi da wani injin. Wasu ma adon don rufe tsagewa ko walda ake sa shi. In ka cire, duba da kyau.

A taƙaice, ga tsarin aikinka. Murfin da ke ƙara, fara da shi, domin ƙusar da ta saki tana iya zama cikin masu matse gasket. Cire duk abin da ya rufe fikafikai. Bar murfin sipoket da na salansa a wurinsu. Na mai kuwa, in ba ya yoyo, wanke shi ka goge ya wadatar. Kuma ka yi aikin da sauran mako guda ko biyu kafin Sallah, don in ƙusa ta karye ka sami lokacin gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.