Darasi: Hajiya Betty Shabazz da neman ilimi cikin haƙuri

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na yau ya shafi wata baiwar Allah baƙar fata ta ƙasar Amurka, Hajiya Betty Shabazz, matar marigayi Malcolm X.

A ranar 21 ga Fabrairu 1965 aka harbe mijinta a birnin New York, a gaban idonta da na ɗiyanta mata huɗu, tana kuma ɗauke da cikin tagwaye. Cikin shekarar nan ta tafi aikin Hajji, kuma a can ne zuciyarta ta fara samun natsuwa.

Bayan haka ta koma karatu, ga renon marayu shida. Kowane mako tana yin doguwar tafiya zuwa jami'ar Massachusetts da ke Amherst, a zamanin da mata baƙar fata masu babban digiri ƙalilan ne ƙwarai, balle Musulma. A 1975 ta sami digirin dakta a fannin ilimi. Daga 1976 ta kama aiki a kwalejin Medgar Evers ta Brooklyn, inda mafi yawan ɗalibai baƙar fata ne, har rasuwarta a 1997.

Abin lura a nan shi ne, ta fara gyara tsakaninta da Ubangijinta, sannan ta fuskanci jami'a. Saboda haka, iyaye, ku cusa wa ɗiyanku mata tauhidi da salla tun suna ƙanana, domin wadda ta riƙe su ba za ta ji ƙasƙanci ba ko da ita kaɗai ce irinta a cikin aji.

Allah Ya gafarta mata, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.