Darasin Wannan Wata: Rauta Tana Da Makulli Biyu

Darasinmu na wannan wata a kan wata 'yar na'ura ne da ake kira rauta. A karanta a hankali. Wanda bai gane ba ya sake karantawa.

Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. Yanzu ga shi intanet ya iso har ƙauye. Rauta ita ce take raba shi. Wata ba ta fi sabulun wanka girma ba, a aljihu ake sa ta. Wata kuma a kan tebur ake ajiye ta, a jona ta da wuta ko sola. Ana sa mata layi kamar waya, a saya mata data. Ita kuma sai ta raba wa wayoyin da ke kusa da ita, ba tare da igiya ba. Wannan rabon shi ake kira wayfai. Mai shagon cajin waya a Dangamaji yana iya sayenta. Haka ma ƙungiyar manoman albasa a Aliero, ko ɗan kasuwa a Jega ko Maiyama.

To, data kuɗi ce. Mutum zai sayi ta wata guda, ta ƙare tun wata bai raba ba. Sai ya ce kamfani ya cuce shi. Sau da yawa kuwa ba kamfani ba ne. Samarin unguwa ne a bayan katanga suke kallon fim da kuɗinsa.

Rauta makulli biyu gare ta, kuma dukansu kalmomin sirri ne. Na farko shi ne na wayfai. Kamar makullin zaure yake. Wanda ka ba shi zai shigo ya sha data. Na biyu shi ne na maigida. Wanda ya riƙe shi yana iya canza na zauren, ya shigo da wanda ya so, ya kori wanda ya so, har da kai mai ita. Yawancin mutane na farkon kaɗai suka sani.

Ga inda matsalar take. Rauta da yawa suna zuwa daga kamfani da kalma ɗaya a matsayin makullin maigida, wato admin. Taka admin, ta maƙwabcinka admin. Wannan ai kwaɗo ne da kowa a gari yake da ɗan makullinsa. A shekarar 2016 wasu ɓata-gari sun saki wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Tana gwada irin waɗannan kalmomi na kamfani guda sittin da wani abu. Da su kaɗai ta shiga na'urori dubbai ɗaruruwa a duniya. A watan Afrilu na 2024 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da na'ura mai irin wannan kalma. Mu a nan sai kowa ya gyara tasa da hannunsa.

Da farko ka juya rautar. Akwai 'yar takarda manne a ƙasanta, ko a ƙarƙashin batir. A nan aka rubuta sunan wayfai, da kalmar sirrinsa, da wasu lambobi masu ɗigo a tsakani. Galibi za ka ga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Wannan shi ne adireshin ɗakin maigida.

Ka haɗa wayarka da wayfai ɗin. Ka buɗe Chrome, ka rubuta lambobin a can sama, daidai yadda suke. Kada ka bar ɗigo ko ɗaya. Ko babu data shafin zai buɗe. Zai tambaye ka suna da kalmar sirri. Ka sa abin da ke jikin takardar.

Idan ka shiga, makullin maigida za ka fara canzawa. Ka nemi inda aka rubuta Password. Ka sa tsohuwar kalma, ka sa sabuwa sau biyu, ka danna Save ko Apply. In ba ka danna ba, ba ka yi komai ba.

Wace kalma za ka zaɓa? Ban da lambar wayarka. Ban da sunan ɗanka. Ban da 12345678, ita ce farkon abin da yara suke gwadawa. Ka haɗa kalmomin da ba su da dangantaka, ka sa lamba a tsakani, kamar gero7kwalekwale4. Amma kada ka ɗauki wannan, tunda duk mai karanta jaridar nan ya gan ta. Ka rubuta taka a littafi, ka sa a akwati. Idan yaron shago ne yake taimaka maka, ba laifi. Amma in an zo wurin sa kalmar, ka karɓi wayar ka rubuta da kanka.

Daga nan sai na wayfai. Kada ya zama iri ɗaya da na maigida, kuma kada ya gaza harafi 8. A wurin tsaro ka zaɓi WPA2. Kana dannawa duk wayoyi za su yanke, har da taka. Kada ka tsorata. Ka sake shiga da sabuwar kalma.

Akwai kuma shafin da yake nuna wayoyin da ke haɗe da rautar. Ka riƙa leƙa shi. In wayoyin gidanka 4 ne ka ga 9, to kana da baƙi. Ka canza makullin wayfai, duk za su fita.

Idan ka manta kalmar fa? Akwai 'yar ƙaramar kafa a jikin rautar, an rubuta Reset. Ka sa allura ka danna, ka riƙe kamar daƙiƙa 10. Za ta koma yadda ta zo daga kamfani, sai ka sake aikin daga farko. Ka lura, duk wanda hannunsa ya kai gare ta shi ma yana iya yin haka. Don haka kada ka bar ta a kan benci a ƙofar shago.

Aikin gida: Ka samo rauta, taka ko ta wani. Ka kwafi lambobin adireshinta a littafinka, da ɗigonsu. Ka kawo wa malami ya duba.