Ku Zauna da Yaranku Kan Lissafi

'Ya'yana, iyayen yara na Rurum da ƙauyukan da ke kewaye da mu, har zuwa Rano da Kibiya. Magana ce nake so mu yi a kan littafin lissafin da yaranku 'yan aji huɗu da biyar da shida suke dawowa da shi daga makaranta. Akwai wata gaɓa da yara da yawa suke tsayawa cak. Sun iya tarawa da ɗebewa, sun haddace sau, sai a iso kan rabi da kwata da ɗigo, da awon tsawo da faɗi, da siffofi. Daga nan yaro ya fara cewa shi kansa ba ya ɗaukar lissafi. Uba ya ce ai shi ma bai iya ba, malam ya ji da shi. Wannan furucin nake roƙonku ku daina, domin kun iya, kullum ma a cikinsa kuke. Abin da ya rage shi ne yaro ya gane cewa abin da ke kan allo da abin da ke hannun uwarsa da ubansa abu ɗaya ne.

Uwar gida ta san buhun da ke cin tiya 40 rabinsa tiya 20 ne, kwatansa 10. Ta san turmin atamfa yadi 6 ne, in za a raba wa yara biyu kowa ya tashi da 3. Ba ta taɓa rubuta 1/2 ko 1/4 ba, amma ba mai cutarta a kai. Yaron da ya ga waɗannan lambobi a takarda kawai, shi ne za ka tambaya tsakanin 1/4 da 1/8 wanne ya fi, ya ce 1/8, tunda takwas ta fi huɗu. Kada a yi masa tsawa. A samo sandar rake biyu masu tsawo ɗaya, a yanka ɗaya gida huɗu, ɗaya gida takwas, a ce ya zaɓi gutsuren da yake so. Hannunsa zai ba da amsa kafin bakinsa. Haka in ya tara 1/2 da 1/3 ya rubuta 2/5, a zube masa dabino 12. Rabinsu 6, sulusinsu 4, an samu 10 cikin 12, wato 5/6. Sai a tambaye shi a hankali: ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya koma bai kai rabi ba? A bar shi ya yi tunani, kada a yi saurin faɗa masa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan ya wuce cin jarrabawar shiga sakandare. Haƙƙin mutane da yawa a kan kaso yake tafiya. Ku dubi rabon gado. Kason da Allah ya yanka a cikin Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. A takardar makaranta su ne 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6, ba ƙari ba ragi. A ce mutum ya rasu, mahaifinsa ya riga shi, ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya aka samu naira 240,000. Malami zai nemi adadin da takwas da shida duk suke raba shi ba saura, ya samu 24. Mata ta ɗauki sumuni, kaso 3, naira 30,000. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, kaso 4, naira 40,000. Ragowar 170,000 a kasa ta biyar, kowane namiji 68,000, mace 34,000. Neman wannan 24 ɗin shi ne ainihin abin da malamin aji biyar yake fama da yara a kai idan zai tara kaso biyu da ƙasansu ya bambanta. Hukunci na malamai ne, ban ce yaron firamare ya raba gado ba. Amma marainiyar da ta san mene ne sumuni, ranar da aka zauna rabo za ta fahimci abin da ake faɗa, zuciyarta ta natsu, zargi ya ragu a tsakanin dangi.

Zakka ma haka take. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Wanda aka shayar da injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin. Manomin da ya samu buhu 30 na dawa da damina zai fitar da buhu 3. Wanda ya samu buhu 30 na shinkafar rani da inji zai fitar da buhu ɗaya da rabi, wanda ɗan makaranta zai rubuta 1.5. Zakkar kuɗi kuwa ɗaya cikin arba'in ce, ita ce ake cewa kashi 2.5 cikin ɗari. Ranar fitar da zakka ku kira yaro ya riƙe biro, ya yi lissafin, ku duba masa. Ya koyi karatu, ya koyi ibada a zama ɗaya.

Masu cewa wannan ilimi baƙo ne a wurinmu su sake dubawa. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban sashe na littafin a kan matsalolin gado da wasiyya ya yi shi. Jamshid al-Kashi a Samarkand ya yi cikakken bayanin lissafin ɗigo a 1427, tun kafin ya bazu a Turai. A nan ƙasar Hausa ma an yi Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu a kan jera lambobi a gidajen hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Gadonmu ne, mu ne dai muka yi sakaci da shi.

Sai maganar ɗigo, wadda na fi jin tausayin yaran yanzu a kanta. Mu da muka riski tsohon kuɗi mun sha wuya: anini 10 kwabo ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ga taro ga sisi a tsakani. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira da kwabo, fam ya koma naira 2, kwabo 100 ya zama naira ɗaya. Daga lokacin lissafin ɗigo ya shigo aljihun kowa. A wancan zamanin yaron da aka aika sayen ƙosai ya san 0.50 rabin naira ne, 0.25 kwata ne, ba sai an koya masa ba. Yau kwabo ya ɓace daga kasuwa, yaro bai taɓa riƙe shi ba. Shi ya sa za ka ji ya ce 0.25 ta fi 0.5, wai ashirin da biyar ta fi biyar. Ba dolo ba ne, abin kamawa ne ba shi da shi. To a nema masa wani. Tef ɗin tela yana nan a kusan kowace unguwa, santimita 100 mita ɗaya. A sa shi ya nuna 0.5 a kan tef, ya ga santimita 50 ce, ya nuna 0.25, ya ga 25 ce. In ya maimaita haka da lambobi daban-daban na 'yan kwanaki, ba zai sake rikicewa ba.

Kada ku ɗauki ɗigon nan wasa. Ɗan kofin da ke zuwa da maganin ruwa na yara akwai 2.5 da 5 a jikinsa. Wanda ya karanta 2.5 a matsayin 25 ya ninka wa jariri magani sau goma. Yarinyar da ke aji biyar yau, gobe ita ce za ta auna wa ɗanta wannan magani da tsakar dare, babu likita kusa. Saboda haka mai cewa lissafi na maza ne, 'ya mace ta bar shi, ina roƙonsa ya sake tunani. Maganin feshi ma haka: a jikin kwalba an rubuta mililita nawa za a zuba a lita nawa na ruwa. In an rage, ciyawa ko ƙwari ba su mutu ba, kuɗi ya tafi. In an zarce, a ƙona shuka, a cutar da mai feshi da mai ci.

Awo kuwa, kakanninmu da jikinsu suke yi: taki, kamu, gaba. Yana da kyau yaro ya fara da su. A sa shi ya auna tsawon zaure da takinsa, ubansa ma ya auna da nasa, adadi ya bambanta. Nan zai gane da kansa abin da ya sa mutane suka yarda da ma'auni ɗaya wanda ba ya canzawa da tsawon ƙafar mai awo. Daga nan a gaya masa ƙafa ɗaya santimita 30 ce da 'yan kai, yadi ƙafa 3 ne, mita ta ɗara yadi kaɗan.

Inda aka fi yin asara shi ne awon fili, domin mutane da yawa, har da manya, suna haɗa kewayen fili da girmansa. Ga gona biyu. Ɗaya tsawonta mita 40, faɗinta 10. Ɗaya mita 25 ta kowane gefe. In ka zagaya kowacce mita 100 za ka taka, shingen da zai kewaye wannan zai kewaye waccan. Amma ta farko murabba'in mita 400 ce, ta biyu 625. Mai ta biyun in ya yi musaya yana ganin daidai suke, ya bar fiye da sulusin gonarsa a hannun wani. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 in aka ninka tsawonsa aka ninka faɗinsa, fuloti huɗu ya zama, ba biyu ba. Hekta ɗaya mita 100 ce ta kowane gefe, kusan eka biyu da rabi. Malaman gona da hekta suke faɗin buhun taki nawa za a zuba, kuma buhun kilo 50 ne. Manomin da bai san girman gonarsa ba, da ka yake zuba taki mai tsada. Ku tafi da yaro gona da igiya mai awo, ku auna tare, ya rubuta, ya buga. Wannan aikin gida ne da ya fi shafi goma na littafi.

Siffofi kuma ku kai shi wurin magini. Mai ginin rumbu yana kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana zana ƙasa, da'ira ta fito. A gida a ba yaro zare ya auna faɗin faifai ta tsakiya, sannan ya auna kewayensa. Zai ga kewayen ya ninka faɗin sau uku da ɗan ɗoriya. Ya gwada da murfin tukunya, ya gwada da bakin bokiti, amsa ba ta canzawa. Wannan uku da ɗoriya ita ce 3.14 ko 22/7 da ake sa su haddacewa ba su san daga ina ta fito ba. Mai fitar da harsashin ɗaki kuma yana auna 3 ta wannan gefe, 4 ta wancan, in tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta miƙe. Madatsar ruwa ta Tiga da ke maƙwabtaka da mu, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, take kuma shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, da irin wannan awon kusurwa da gangare aka fara ta. Ina fatan in za a yi wani aiki irinsa nan gaba, a samu 'ya'yan Rurum cikin masu riƙe na'urar awo.

Yadda za a zauna da yaro ma abin lura ne. Ba dogon zama ake so ba, minti goma bayan magariba ko kafin a tafi islamiyya ya isa, in dai ana yi a kai a kai. A yi masa bayani da Hausa har ya gane, Turancin zai hau daga baya ba wahala. Kada a riƙe bulala, domin yaron da ke tsoro amsa yake nema ta kowace hanya don ya tsira, ba ya tunani. In ya yi kuskure a tambaye shi yadda ya yi ya samu amsar, a nan za a ga inda hanya ta karkace. Kafin ya buga lissafi a saba masa da yin kintace: amsar nan za ta kai goma ko ba za ta kai ba? Waya kuma a ajiye ta sai ya gama, sannan ya duba da ita.

Malamanmu na firamare, na san ajujuwanku cike suke, kayan aiki kuma sun yi ƙaranci. Amma kara da zare da tsakuwa da gwangwani ba sa ƙarewa a garin nan, ku shigo da su aji. Ku kuma iyaye, wanda bai yi boko ba kada ya ji kunya, ya kawo tiya da igiya, yaro ya kawo biro da takarda. Ina roƙonku a wannan makon kowa ya karɓi littafin lissafin ɗansa ko 'yarsa ya buɗe, ya tambayi inda aka tsaya, in abin ya shige masa duhu ya taka zuwa makaranta ya ga malamin ajin. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.